Wai manomin da ke fama da kuɗin taki shi ne zai gyara sauyin yanayi?

Abu Gumel: Salamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma don Allah kar a ce na zo da tsokana. Kwanan nan duk gidan rediyon da ka murɗa sai ka ji ana cewa manoma su ne za su taimaka wajen magance sauyin yanayi, a dasa bishiya, a daina ƙone gona, a rage kaza a rage kaza. To ni abin da ban gane ba, mu muka ɓata yanayin ne? Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, China da Amurka da Turai su ne masu masana'antu da jirage, amma talakan da ke da gona kadada ɗaya da jaki shi za a ɗora wa gyaran. Wannan wane irin adalci ne?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Wlh Abu ka rigani ne, maganar ta daɗe tana cina. A 2009 a taron Kofenhegen ƙasashen masu kuɗi suka ce za su riƙa ba da dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, 2020 ta zo ta wuce ba su cika ba sai daga baya. A 2022 a Masar aka sake kafa wani asusun wai na biyan asara. A shekarar nan ta 2022 ruwa ya ci mutum sama da 600 a Najeriya, mu a Jigawa mun ga abin da idonmu, gonaki sun zama kogi. A nuna min manomi ɗaya a Ringim ko Auyo da dalar Turai ta shigo aljihunsa.

Malamin Gona: Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ku bari in raba maganar biyu don kar mu cakuɗa. Akwai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, akwai kuma yadda za mu rayu da yanayin da ya riga ya canza. Na farko nauyinsa na kan manya. Na biyu kuwa ko mun so ko mun ƙi namu ne, don ba Bajamushe ne zai zo ya yi mana sake shuka ba idan ruwa ya ɗauke bayan gero ya tsiro. Abin da ya sa ake kiran sunan manomi shi ne, a wajenmu sau da yawa aiki ɗaya ne yake yin duka biyun. Bishiyar da ta tare maka iska ta gyara maka ƙasa, ita ce dai take zuƙe iskar kabon ta ajiye a jikinta da saiwarta. Kuma a lissafin masana, noma da kiwo da sare daji su ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na hayaƙin duniya, kaga ba ƙaramin abu ba ne.

Abu Gumel: Malam ai wannan kashi ɗaya cikin biyar ɗin na Birazil ne da suke share dajin Amazon don shanu da waken suya, ba na Gumel ba.

Malamin Gona: Suna da kaso babba a ciki, haka ne. Amma yashin da yake binne maka shuka a Maigatari ba daga Birazil ya taso ba.

Ɗan Tasawa: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku gafarce ni in sa baki, ni daga nan jihar Maraɗi nike. Abin da kuke gardama kansa mu nan an yi shi, ba labarin rediyo ba ne. Tsofaffinmu suna ba da labarin yunwar 1973 da ta 1984, wadda mutanen nan suke ce ma El Buhari saboda lokacin gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya. A wannan zamanin in ka fita daga Maraɗi ka nufi gabas, fili ne fetal, in mutum zai yi shuka sai ya share komai, don an koya ma mutane cewa manomin kirki gonarsa tas take ba icce ko guda. Iska ta zo ta kwashe ƙasa, a yi shuka sau biyu sau uku a damana guda. Furoje-furoje suka yi ta kawo iccen dashe, a dasa a ɗauki hoto, rani ya yi akuya ta cinye sauran su bushe.

Akwai wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da yake aiki nan Maraɗi, shi ma dashen ya yi ta yi yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa waɗannan 'yan tsirrai da muke sassabewa duk shekara muna ƙonewa, sabara da kalgo da gawo da sauransu, ba ciyawa ba ce, kututturan manyan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana nan da rai cikin ƙasa ta yi nisa. To maimakon ka sare duka, sai ka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututturen ka bari, ka datse sauran, ka yi masu aski daga ƙasa. Shi ke nan. Ba ban ruwa, ba sayen iri, ba leda. Tunda saiwar tsohuwa ce, girman da zai yi cikin shekara biyu uku iccen dashe ba ya kama ƙafarsa. Shi muke kira sassaben zamani. Masu binciken da suka duba da hoton tauraron ɗan'adam sun ce fili ya kai hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram da kewaye, itatuwa wajen miliyan 200.

Maman Ilham: Miliyan 200?? Ikon Allah. Kuma ba gwamnati ce ta dasa ba?

Ɗan Tasawa: Hajiya ko ɗaya. Talakawa ne da adda da gatari. Kuma kar ku ce Baturen ne ya ƙirƙiro, kakanni sun san barin gawo a gona tun tuni, shi ya farfaɗo da abin ne ya yi ta bin ƙauyuka. A wajen Matamai da Magarya ma mutane da kansu suka ci gaba da barin gawo.

Baban Sadiq: To me ya hana su yi tun farko in har sun sani? Nan ne ban gane ba.

Ɗan Tasawa: Yawwa Alhaji, ka taɓo inda ke ciwo. Da, icce na gwamnati ne ko da cikin gonarka yake, dokar tun ta zamanin Faransa. In ka yanke reshe ma'aikacin gandun daji ya kama ka, tara ce. To wa zai rena abin da zai jawo masa tara? Gara ka kashe shi tun yana ƙarami kowa ya huta. A lokacin yunwar 84 an haɗa abin da rabon abinci, ka bar icce a ba ka hatsi, mutane suka bari, da rabon ya ƙare da yawa suka sare abinsu. Waɗanda suka bari su suka ga amfani, maƙwabta suka yi koyi. Amma abin bai kankama ba sai da mutane suka tabbatar cewa iccen nasu ne, su yi makamashi da shi, su sayar, su ba dabba, har dokar daji ta 2004 ta zo ta ƙara sassauta lamarin. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga wajen Agiye har kwamiti aka kafa, da mata da makiyaya a ciki, masu tsaron itatuwa da yanke tara ga ɓarawon icce.

Malamin Gona: Kun ji ko. Ba wanda ya ce wa mutumin Ɗan Saga ya ceci duniya. Tumbinsa da rumbunsa ya duba. Gawo bishiya ce mai abin mamaki, da damina take zubar da ganye, sai rani take yin kore, saboda haka ba ta yi wa gero inuwa lokacin da yake son rana. Ganyen da ya zuba taki ne, saiwarta tana ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya, 'ya'yanta kuma abincin tumaki ne a watan da ba ciyawa. Duk wanda ya taɓa noma ya san geron gindin gawo ya fi na tsakiyar fili kai. An ƙiyasta cewa abin da wannan aikin ya ƙara wa Nijar na hatsi ya kai tan 500,000 a shekara. Kabon ɗin da bishiyoyin suka riƙe kuwa kyauta ce ta biyo baya.

Abu Gumel: Naji, kuma abin ya burge ni gsky. Amma bari in kawo muku matsalar da ke ƙasa. Na ɗaya, yanzu kowa tarakta yake so, mai tarakta kuwa in ya ga kututture a gonarka cewa zai yi ba zai shiga ba kar faifansa ya karye. Na biyu tsuntsu. Ka tara bishiya a gona, jan baki ya samu masauki, ka kwana kana kaɗa gwangwani. Na uku kuma wanda ya fi duka, da yawa daga matasan da ke noma yanzu gonar haya ce ko aro ko jingina. Ni zan rena gawo shekara biyar a gonar da baɗi mai ita zai iya cewa in tashi? Wani mai gonar ma in ya ga kana renon bishiya zai ɗauka so kake ka mallake masa fili.

Jikan Arɗo: Ku ƙara da na huɗu, tunda na san za a zo kanmu, gara in faɗa da bakina. Za a ce Fulani suna sassake gawo suna ba shanu. Eh ana yi, ban ɓoye ba. Amma a tambaya ina burtalin da kakanninmu suke bi? An nome shi. Ina makiyayar? An raba. Da, bayan girbi manomi da kansa yake zuwa ya roƙi Baffa ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa kashi, har dawa ake ba mu a kan haka. Wannan kashin shanun shi ne yake riƙe ƙasa ta riƙe ruwa. Yanzu kara ma ɗaure shi ake a sayar, gona ta kwana tsirara tun daga Nuwamba har ruwan farko, sannan a ce ƙasa ta mutu.

Maman Ilham: Malam Jikan Arɗo ka faɗi gaskiya, amma su ma masu sayar da karan ba don jin daɗi ba ne. Ni dai bari in yi magana a madadin mata, don duk wannan hirar ta bishiya a murhunmu take ƙarewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya gagari mutane, kananzir kuwa an manta da shi, gidajen da suka daina girki da itace duk sun dawo gawayi. Ku tsaya bakin hanya ku ƙirga motocin gawayi da ke shigowa Kano kullum. Kuna rena gawo ɗaya, ana sare ɗari a daji. Har kaɗanya da ɗorawa da a da ba mai taɓa su yanzu ana ƙonawa. In ba a samar wa mace abin girki mai sauƙi ba, wlh duk taron da za a yi a otal a Abuja shan shayi ne kawai.

Ɗan Tasawa: Hajiya ai shi ya sa mata suka fi kowa riƙe abin nan a wajenmu. Rassan da ake datsewa duk shekara su ne makamashin gida, matar da take tafiya mai nisa neman icce yanzu a gonar mijinta take samu, wata har ta ɗaura ta kai kasuwa. Ba a hana sara ba, cewa aka yi kar a kashe uwar. Zancen tarakta kuma, in ka jera itatuwan a layi ka bar tazara, tana wucewa. Tsuntsu dai akwai shi, amma in ana yi ma iccen aski bai cika samun wurin ɓuya ba. Gonar haya ce ban da amsarta.

Baban Sadiq: To ita wannan katangar bishiyoyi da ake ta faɗa fa, daga Senegal zuwa Jibuti? Mu jihohi 11 aka ce muna ciki, har hukuma guda aka kafa mata.

Malamin Gona: Tarayyar Afirka ce ta amince da shirin a 2007, tsawon kusan kilomita 8,000, burin shi ne a farfaɗo da hekta miliyan 100 zuwa 2030. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna abin da aka yi a ainihin yankin bai wuce hekta miliyan 4 ba. Ku kwatanta da miliyan 5 ɗin da talakawan Nijar suka yi da adda. Su kansu masu shirin daga baya sun sauya tunani, sun bar zancen jera bishiya kamar katanga sun koma ga irin abin da manoma suke yi a gonakinsu. Ni ba na zagin dashe, darbejiyar da ta rufe garuruwanmu ai dasa ta aka yi. Abin da nake ƙi shi ne dashen biki, a zo da manyan motoci a watan Agusta a dasa dubu, ba wanda aka ce nasa ne, ba mai ban ruwa, ba shinge.

Ɗan Bunkure: Ni duk kun bar ni a baya, mu 'yan shinkafa ina muka dosa? Na ji wani a rediyo yana cewa wai shinkafa ma tana ɓata yanayi, na ce to fa, abincin ma laifi ne.

Malamin Gona: Hhhh ba laifi ba ne ranka ya daɗe, amma akwai ƙamshin gaskiya. In ruwa ya kwanta a fadama wata da watanni, ƙasa ba ta shan iska, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ciyawa a ciki sai su riƙa fitar da iskar metan, ita kuma wajen riƙe zafi ta ninka kabon kusan sau 28. Maganin kuma riba ce gare ka. Ka samu bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huda rabinsa na ƙasa, ka kafa a cikin komi ka kwashe ƙasar ciki. Ka bar ruwa ya janye, sai ka leƙa ka ga ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan ka sake ba da ruwa. Lokacin da take fure dai ba a wasa, a bar mata ruwanta. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta nuna ana rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba, metan ɗin ma ya ragu sosai.

Ɗan Bunkure: Wato in rage kunna inji kenan. Ai ko ba don metan ba zan gwada, fetur ya gama da mu. Sai dai mu da muke kan kanal ɗin Tiga ruwan ba a hannunmu yake ba, ranar da aka sako dole ka cika komi don ba ka san ranar da za a sake sakowa ba. Wannan dabarar ta fi dacewa da mai rijiyar burtsatse ko mai sola.

Malamin Gona: Wannan gaskiya ne, in ba ka da iko da ruwa kar ka yi kasada. Haka zancen yuriya, masu watsa ta a saman ƙasa da rana tsaka, kaso mai yawa iska ce take tafiya da shi, wani kuma ya koma wata iska mai ɗumama duniya fiye da metan ɗin ma. Ka tona ka binne kusa da gindi. A cibiyar binciken noma ta Sadore kusa da Yamai sun daɗe suna koyar da sa ɗan taki cikin murfin kwalba a kowane rami lokacin shuka, ga mai gero da dawa.

Ustaz Na Layi: Jama'a ina bin ku tun ɗazu. Ina so in tunatar da mu kar mu manta ruwa na Allah ne, Shi ke saukarwa Shi ke riƙewa, kuma zalunci da tauye mudu da hana zakka suna cikin abin da ke hana albarka. Amma wannan bai hana riƙo da sababi ba. Ya tabbata a hadisi cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Saboda haka Malam Abu, ko jan bakin nan da kake kuka da shi, lada yake rubuta maka.

Abu Gumel: Allah gafarta Malam, a bar ni da ladan tumaki dai, na jan baki ya yi min yawa.

Maman Ilham: Hhhhh kai Abu Allah ya shirye ka.

Baban Sadiq: Ni har yanzu ina nan kan bakata. In bishiyar gonata tana zuƙe hayaƙin da wani ya fitar a Jamus, to aiki nake yi masa, ya biya ni. Na ji ana cewa akwai kasuwar kabon.

Malamin Gona: Akwai. A Humbo da ke Habasha an yi irin wannan renon kututture a fili mai hekta wajen 2,700, kuma al'ummar wurin sun samu kuɗin kabon ta hannun Bankin Duniya. Amma sai an auna, an rubuta, an kawo masu tantancewa, ga dillalai a tsakani, mai kadada ɗaya shi kaɗai ba zai iya ba sai an haɗu a ƙungiya. Shawarata Alhaji, duk wanda ya zo maka da takarda wai ka sa hannu a kan gonarka na shekara 20 ko 30 don kabon, ka kai wa wanda ya iya karatu ya duba maka kafin ka dangwala. Haƙƙinmu ne mu nema, a nan ina tare da kai da Abu ɗari bisa ɗari. Abin da ba zan yarda ba shi ne a ce sai an biya za mu gyara ƙasar da 'ya'yanmu za su gada.

Jikan Arɗo: Ni dai in za a kafa kwamiti irin na Ɗan Saga a sa mu a ciki tun farko, ba sai an kama yaro da sanda a kan gawo a kira mu gaban Dagaci ba.

Ɗan Tasawa: Haka ne Baffa, inda aka ware makiyaya abin bai daɗe ba. Wanda ke son gwadawa, lokacin sharar gona ne ake zaɓen kututture, kafin ruwa ya sauka. A fara da kaɗan, a ɗaura ma reshen da aka bari jan ƙyalle don 'yan ƙwadago su san ba na sara ba ne. Kuma inda ƙasa ta yi fako ta daina shan ruwa, a haɗa da tassa ko rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa don tare ruwan sama, a zuba taki a ramin.

Abu Gumel: To naji duka. Gonar gado da ke hannuna zan bar kalgo da gawon da suka fito bana in gani. Amma ta hayar fa? Ba wanda ya ba ni amsa har yanzu. Malamin Gona, a dokarmu ta nan, in na rena bishiya a gonar haya, tawa ce ko ta mai gona?

Malamin Gona: A al'ada dai bishiya tana bin ƙasa, sai in kun yi yarjejeniya. Ku je gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta shekara nawa za ka yi, da wa ke da rassan da aka datse, da wa ke da 'ya'yan.

Abu Gumel: Mai gonar tawa ko rasit ɗin kuɗin haya ba ya yarda ya rubuta, kai kana zancen mai unguwa.